KUƊIN CEFANE YA ƘARU, TUKUNYA TA RAGU

Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk magidancin da ya daɗe yana ba da kuɗin cefane a Nijeriya ya san cewa abin da yake miƙawa kullum ƙaruwa yake yi, amma abin da yake shiga tukunya raguwa yake yi. A shekarar 1981 mafi ƙarancin albashi Naira 125 ne, kimanin dala 200, domin a lokacin Naira ta fi dala daraja. A shekarar 2024 aka mai da shi Naira 70,000, amma bai kai dala 50 ba. Tsakanin waɗannan shekaru an sha faɗuwar farashin man fetur a kasuwar duniya, da shirin SAP na 1986 wanda ya karya darajar Naira, da cire tallafin mai a 2023.

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 57 cikin 100 na abin da gidaje suke kashewa a ciki yake ƙarewa. Ya kuma nuna cewa mutum 40 cikin kowane 100 ba su iya kashe Naira 137,430 a shekara, wato ƙasa da Naira 400 a yini. A jihohin Sakkwato da Jigawa adadin ya kai 87 cikin 100. To, wanda abinci ya cinye fiye da rabin samunsa, da me zai sayi magani, da me zai ilmantar da 'ya'yansa?

Lalle shugabanni suna da kaso mafi girma a wannan al'amari, kuma Allah zai tambaye su game da abin da Ya ba su kiwo. Haka nan 'yan kasuwa masu ɓoye hatsi sai ya yi tsada, da masu tauye mudu waɗanda sura guda ta Alƙur'ani ta sauka da sunansu.

Amma mu ma kada mu wanke kanmu. Abin mamaki, yayin da samu yake raguwa, al'adu ƙaruwa suke yi. Akwatunan lefe, da gara, da anko, da kayan ɗaki na gasa, da shagulgulan suna, duk sun zama tamkar wajibi. Uba ya sayar da gonar da take ciyar da gidansa don a ce 'yarsa ta fi ta maƙwabci. Wani ya ci bashin ruwa, ya haɗa talauci da saɓon Allah. Samari sun kasa aure, 'yan mata suna zaune a gida, ɓarna tana yaɗuwa.

Don haka muna kira ga malamanmu da rassanmu su fara da kansu. A sauƙaƙe aure kamar yadda Sunna ta koyar. Kowane gida ya san abin da yake shiga da abin da yake fita, ya fifita abinci da magani da ilmi. Mawadata su fitar da zakka, ta kuɗi da ta amfanin gona, su kai ta ga masu haƙƙi. Darajar Naira ba a hannunmu take ba, amma yawan akwatunan lefe a hannunmu yake.

Allah Ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya tsare mu daga almubazzaranci da rowa. Amin.