Ɗan Dako Ba Jaki Ba Ne

Duk wanda ya taɓa sammakon zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, ya ga yadda 'yan'uwanmu ke sauke buhunan albasa daga mota tun da asuba. Abin da bai gani ba shi ne kwanan da suke yi a kan benci, ƙugu na sara, barci ya gagara. Ciwon da ya wuce wata 3 bai sake ba, likitoci na lissafa shi cuta ce mai zaman kanta. Mu kuwa sai mu ce gajiya ce, a yi haƙuri.

Da haƙurin ya ƙare, ina mutum zai nufa? Wajen mai tallan magani a faranti. Ya haɗiyi Diclofenac safe da yamma har ta jawo masa gyambon ciki ko ta taɓa ƙoda, daga nan ya koma Tramadol. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan irin su Tramadol ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin. Madalla. To amma hana kwalba ya warkar da bayan wa?

Manyanmu na zango, waɗanda suka fi kowa saurin kiran yaran nan 'yan ƙwaya, su nake tuhuma. Kuna karɓar kuɗin ƙungiya kowane mako. In baƙo mai rawani ya zo, nan da nan a yanka rago, a ɗauko rumfa da kujeru. Amma ban taɓa jin an zauna a kan dattijon da ya shekara 20 yana tura kurar ruwa, yau ruku'u ya gagare shi ba.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin ragon ba. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya: a ilmantar da mai ciwo, a koya masa motsa jiki bisa tsari, a kula da damuwar zuciyarsa, kuma ta ce kada a dogara da dangin Tramadol. Masu gashin ƙashi ba su yi mana nisa ba. Ga asibitin ƙashi na Igbobi, ga Jami'ar Badun da ke horar da su tun 1966. Me zai hana ƙungiya ta gayyato guda ɗaya ranar Lahadi, da tafinta, ya zauna da mutane 15 a ɗakin taro, ya nuna musu yadda ake ɗaga kaya da gwiwa maimakon ƙugu, ya ware waɗanda lalle sai sun ga likita? A kuma keɓe wa mata ranarsu, domin masu tuwo da ke wuni a duƙe ba wanda ke tambayarsu.

In an ce babu kuɗi, a fito da littafin ma'aji a karanta a gaban jama'a.