A Kama Mai Saye!

'Yan'uwa ɗalibai, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar gwangwan. A 2025 hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar murafen magudanun ruwa. Amma ɗan talaka mai buhu ake farauta, attajirin da ke narka ƙarfen yana sharar barci. Ba mu yarda ba! Tun 2013 dokar Ingila ta tilasta wa dillali yankar lasisi, da duba shaidar mai sayarwa, da rubuta kowane ciniki, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi. Abin da muke nema ke nan. Ran da ɓarawo ya rasa mai saye, ran nan wayoyin lantarkinmu za su kwana lafiya.