Babur mai ƙafa huɗu a duwatsun Abzin: a shata hanya tun ƙura ba ta tashi ba

Duk matafiyin da ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit, mai tsawon kimanin kilomita 240, ya san ƙasa iri biyu yake ratsawa. Daga yamma fili ne shimfiɗaɗɗe, inda Imuraren take, wajen kilomita 80 kudu da Arlit. Daga gabas kuwa duwatsun Abzin ne, da kwaruruka masu goriba da aduwa da kandili, har zuwa tudun Bagzan wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022. Uraniyom na Imuraren tun 1966 aka gano shi. An ba kamfanin Areva izinin haƙa a 2009, aka jingine aikin a 2014, sa'an nan a watan Yuni na 2024 gwamnati ta janye izinin daga hannun Orano, magajin Areva. Kamfanin Cominak na Akokan shi ma ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ba abin mamaki ba ne in mutanen wannan yanki suna neman wata hanyar samu bayan ma'adini. Yawon buɗe ido yana cikin abin da ake ambata, wasan babura a tudu da rairayi kuwa reshe ne nasa. To, kafin a yi masa maraba ko a ƙi shi, ya kamata a san abin hawan, a kuma tuna abin da ya gudana a baya.

Babur mai ƙafa huɗu, wanda Turawa ke kira kwad, ba tsohon abu ba ne. Kamfanin Suzuki na Japan ya fito da na farko a 1982. Kafin nan mai ƙafa uku ake yayi, amma yawan kifewarsa ya sa aka daina sayar da sabo a Amurka a 1988. Cikin waɗannan shekaru aka shiga ƙera na tsere masu inji mai bugu biyu: Suzuki LT250R a 1985, Honda TRX250R a 1986, Yamaha Banshee a 1987, sai ƙaraminsa Blaster a 1988. Banshee shi ya fi suna. Silinda biyu gare shi, da giya shida, tankinsa na cin lita 12, nauyinsa wajen kilo 175. Da ƙafa ake tada shi, kuma ba ya da giyar komawa baya.

Inji mai bugu biyu ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar, don shi ne a jikin mobilet, shi ne kuma a jikin Yamaha DT 125 da malaman gona da ma'aikatan karkara suka daɗe suna hawa. Bambancinsa da mai bugu huɗu shi ne, duk juyi guda wuta na kamawa, alhali wancan sai ya yi juyi biyu. Saboda haka ga shi da sauƙin nauyi, ga ƙarfi, ga sauƙin kwancewa a wurin makanike. Amma kowane allazi da nasa amanu. Man injinsa tare da fetur yake ƙonewa, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi, yake kuma shan mai fiye da kima. Lita 12 ba za ta kai mutum Agadas daga Arlit ba. In aka rage man inji a cikin haɗin, fistan ya ƙone. In aka cika, buji ya toshe. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabarsa: matacin iska in ya yi sake, yashi ya shiga silinda ya cinye ta kamar gara. Dokokin hana gurɓata iska suka sa aka daina sayar da Banshee a Amurka bayan 2006, don haka yawancin waɗanda ke yawo a kasuwannin duniya yau tsofaffi ne na hannu. Ɗan kasuwar da ke sha'awar shigo da su ya lissafa da kayan gyara tun kafin ya biya kuɗin duwan.

Halin wannan inji shi ne, in yana juyi a hankali ba ya da kuzari, da zarar ya ɗau zafi sai ƙarfi ya zo masa gaba ɗaya. A kan tulin rairayi irin na Temet wannan hali alheri ne. A ƙunƙuntar hanya mai itatuwa da duwatsu kuwa, inda ake tafiya sannu, tarko ne ga wanda bai ƙware ba. Tayoyin baya a kan ƙarfe guda suke, tare suke juyawa, don haka sai mahayi ya karkata jikinsa kafin babur ya sha kwana. Wajen hawan tudu ƙa'idar sananniya ce: a duba tudun da ƙafa tukuna, a zaɓi giya tun daga ƙasa, a kwanta gaba bisa kan babur, a miƙe sak, kada a gitta. In inji ya mutu a tsakiya, sai a danne birki, a sauka ta gefen da ke sama, a juya shi da hannu. Wanda ya bari ya gangara da baya, kilo 175 ne za su bi ta kansa. Ƙafa huɗu na ruɗin mutum ya ɗauka ba a faɗuwa, alhali kifewa ita ce babban haɗarin wannan abin hawa. Hular kwano dole ce, goyo kuwa haramun ne, don kujerar ta mutum ɗaya ce.

Ƙasar uraniyom ta riga ta ga irin wannan wasa. Tseren Paris-Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa, ya tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978 da abin hawa 182. Ya shigo Nijar daga Aljeriya, ya bi ta Arlit da Agadas da Yamai, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. A 1983 aka fara ratsa Tenere, guguwa ta ɓatar da ƴan tsere wajen 40, aka kwana huɗu ana tattaro su. Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali ranar 14 ga Janairu 1986. A wancan zamani Agadas ta yi suna a duniya. Masu masauki, da direbobi, da maƙeran azurfa, da dillalan mai sun samu rabonsu, jagorori irin su Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet, suka zama sanannu har Turai. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, tseren 1997 ya maida Agadas wurin juyawarsa: daga Dakar zuwa Agadas, a koma Dakar.

Sai dai cinikin na ƴan kwanaki ne a shekara, akalarsa kuma tana Paris. A 2000, saboda barazanar hari, aka kwashi ƴan tsere cikin jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya, aka tsallake arewacin Nijar. A 2008 aka soke tseren baki ɗaya, a 2009 ya ƙaura Amurka ta Kudu, a 2020 ya koma Saudiyya. Masu kwad ba su samu rukunin kansu ba sai 2009, bayan an bar Afirka, kuma an cire rukunin daga tseren 2025. Ban da haka, an yi asarar rayukan waɗanda ba ruwansu da wasan: yarinya a Kita ta ƙasar Mali a 1988, yara biyu a Gini da Senegal a 2006. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Da baƙi suka ɗauke wasansu, ba su bar ƙungiya ko filin koyo da zai ci gaba da shi ba. Tawayen 2007 zuwa 2009, da nakiyoyin da aka binne a lokacin, da sace mutum bakwai a Arlit a watan Satumba na 2010, suka ƙarasa korar masu yawon buɗe ido.

Akwai kuma haƙƙin ƙasar kanta. An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, faɗinsa ya haura eka miliyan 7 ta ma'aunin hekta. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Kwarin da ɗan wasa ke gani hanya mai daɗin gudu, shi ne makiyayar raƙuma da awaki, nan rijiyoyi suke, nan garaken albasa da dabino da lemu suke, kamar na Timiya da Tabelot. Taya in ta tone gefen tudu, ruwan damina sai ya bi sawun ya zama zaizaya. Ƙaramin icen da aka take, a ƙasar da ruwan sama ke ƙaranci, sai an yi shekaru kafin a ga madadinsa. Wanda ke shakka ya je gidan tarihi na Yamai ya dubi abin da ya rage na Icen Tenere, wanda wata babbar mota ta kayar a 1973 a tsakiyar fili fetal.

Saboda haka aikin na masu mulki da masu jari ne, kuma yanzu ne lokacinsa, tun ba a fara ba. Hukumomin gundumomin Arlit da Iferwan da Dannat, tare da ma'aikatan gandun daji da sarakunan Abzinawa, su ne ya dace su shata inda za a bi da inda ba za a bi ba, nesa da rijiya da garka da duwatsu masu zanen mutanen da, irin raƙuman dawa na Dabus. Kada ayari ya shiga dutse ba jagora ɗan ƙasa, kada kuma a shiga inda jami'an tsaro ba su tabbatar da lafiyarsa ba. Kuɗin shiga ya faɗa asusun gundumar da aka taka ƙasarta. Ƴan kasuwa su kuma su tuna riba mai ɗorewa tana wurin gareji, da kayan gyara, da horar da samari makanikai, ba wurin sayar da babur a juya baya ba.

Tudun Abzin ba ya gudu. Ranar da hankali ya kwanta masu son hawansa za su dawo. Abin da ya rage shi ne su tarar da doka a rubuce, da masu gida a bakin ƙofa. Allah ya ba da zaman lafiya.