Mota iyakarta gindin dutsi

A wannan mako filin zai leƙa wani wasan yaƙi da samari ke bugawa a kwamfuta. Ana ba mai wasa rundunar sojoji cikin motoci, a nuna masa tudun da abokan gaba suka riƙe, a ce ya karɓe shi. Mafi yawan sababbin hannu sukan jera motocin su doshi tudun kai tsaye, kafin ƙiftawar ido kuwa rabinsu sun ƙone. Ɗan Adar bai kamata ya faɗa wannan rami ba, don kuwa amsar tana bayan gidansu.

Mai karatu ya dubi ƙasar da ke tsakanin Madawa, Buza da Keita. Duwatsun nan samansu shimfiɗaɗɗe ne, amma gefensu a tsaye yake, cike da tsakuwa mai zamewa, ga kwazazzabai da ruwan damina ya yanka suna gangarowa kwari irin na Magiya. Mota ba ta hawa sai ta hanya ɗaya, a kan giya ta farko, tana gurnani ana jin ta daga nesa. Wanda ke sama ya san hanyar, ya riga ya auna ta da bindiga. In ya harbe motar gaba, na baya sun tsaya cik, ba gaba ba baya. Ga shi bakin bindigar mota yana da iyakar ɗagawa, na sama kuwa yana hangen rufinta, inda ƙarfe ya fi sirara.

Abin da ƙwararru ke yi shi ne su sauke sojoji tun a inda idon na sama ba ya kaiwa. Motoci su tsaya nesa suna ruwan wuta, igwa ta zuba hayaƙi, ƴan ƙasa su bi kwazazzabo su ɓullo ta gefe. Saurin mota kuwa a kashe shi wajen zagaye dutsin, a tare hanyar abinci da ruwa. Mai ƙishirwa a kan dutsi da kansa yake saukowa.

Sojojin Chadi, maƙwabtanmu, sun ɗanɗana ɓangarorin biyu. A ranar 2 ga Janairun 1987, ƙarƙashin Hassan Djamous, sun afka wa sansanin Libiya a Fada cikin motocin Toyota ɗauke da makamai masu linzami, suka farfasa tankoki masu ɗimbin yawa. Fili ya ba su damar gudu da zagaye. Amma a duwatsun Ifogas na arewacin Mali, ranar 22 ga Fabrairun 2013, sun yi asarar sojoji 26 a yini guda wajen kwarin Ametetai. Sai da aka bi wurin a ƙafa, tare da sojojin Faransa, kogo bayan kogo, kafin ya kamu.

Su ma duwatsun Adar an taɓa tunkarar su da injuna, sai dai ba don zub da jini ba. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya kawo katafila da tarakta don yaƙar zaizayar ƙasa. Injunan sun yi aiki a bisa shimfiɗar duwatsu da kuma gindinsu, suna fasa fako suna tada gaɓoɓin tare ruwa. Da aka zo gangare mai tsayi sai suka ja da baya. Mutanen ƙauyuka ne, galibinsu mata, suka hau da diga da shebur, ana biyan su da abincin hukumar PAM, suka haƙa ramukan da aka dasa itatuwa a ciki, jere bayan jere har zuwa leɓen dutsi.