Wa Ake Fara Kashewa?

A Amurka akwai wani irin silima na ban tsoro, inda mai kisa yakan bi samari da 'yan mata da wuƙa, yana hallaka su ɗaya bayan ɗaya. Halloween na 1978 da Friday the 13th na 1980 sun yi suna ƙwarai. A kowannensu yarinya ce take tsira daga hannun mai kisan, kuma Baturiya ce.

To, ina baƙar fata? Baƙaƙen Amurka sun daɗe suna kukan cewa, in an sa nasu cikin wasan, sau da yawa ba ya kai ƙarshe. A Scream 2 na 1997, saurayi da budurwa baƙaƙe aka fara kashewa, tun labari bai yi nisa ba.

Abin ya soma sakewa da baƙaƙe suka ƙara samun damar shirya wasan da kansu. A Get Out na 2017, wanda Jordan Peele ya shirya, saurayi baƙar fata ne ya tsira.

Wataƙila ka ce, ai wasa ne kawai. Amma wanda kullum yake ganin iri ɗaya suna mutuwa ba mai makoki, a hankali yakan ɗauka ransu ba shi da daraja. Iyaye, wannan kallo ba na yara ba ne. In kuwa samarinku sun riga sun gani a waya, ku tambaye su: wa aka kashe, wa aka bari, don me? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.