Makokin Waɗanda Aka Kashe

A ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashe da dama, kowace shekara ran 20 ga watan Nuwamba akan taru da maraice, a kunna kyandir, a yi ta kiran sunayen matattu ɗaya bayan ɗaya. Matattun nan su ne masu sauya jinsi waɗanda aka kashe a cikin shekarar, watau mutanen da aka haifa ana lissafa su cikin maza amma suka zauna zaman mata, ko kuwa aka haife su ana lissafa su cikin mata suka zauna zaman maza. Akwai masu cewa irin waɗannan ba su cancanci makoki ba, wai su suka jawo wa kansu. Maganar nan kuwa ba ta da kan gado.

Ga yadda abin ya samo asali. Ran 20 ga Nuwamba 1995 aka sami gawar wata mai suna Chanelle Pickett a gidan wani mutum kusa da birnin Boston. Da aka yi shari'a a 1997 sai aka wanke mai gidan daga laifin kisa, aka kama shi da laifin duka kaɗai, aka yi masa ɗaurin da bai kai shekara 3 ba. Sa'an nan ran 28 ga Nuwamba 1998 aka shiga ɗakin wata baƙar fata mai suna Rita Hester, a Boston ɗin dai, aka soke ta da wuƙa har sau 20. Shekarunta 34. Mutane fiye da 200 suka fito da kyandir suka yi makokinta, amma shekara 20 da 'yan kai suka wuce ba a kama kowa ba.

To, wata mai suna Gwendolyn Ann Smith ta lura da wani abin takaici: ana zancen Rita, alhali kuwa an riga an manta da Chanelle, ga shi shekara 3 ce kaɗai tsakaninsu. Sai ta shiga tattara sunayen waɗanda aka kashe tana rubutawa a intanet. A 1999 aka yi taron farko a Boston da San Faransisko. Daga baya wata ƙungiya ta ƙasashen Turai ta ɗauki aikin ƙirgawa. A lissafinta na 2021 ta sami mutum 375 da aka kashe cikin wata 12, kuma ƙasar Birazil ce ta fi yawa.

Masu ƙin makokin nan sukan ce wanda ya yi kukan mamaci ya yarda da halinsa ke nan. Ina aka taɓa jin haka? Idan aka yi rasuwa a gari, har wanda ba ya ga maciji da mamacin yakan je gaisuwa, ba kuwa mai ce masa ya canja ra'ayi. Mutum yana iya ƙin halin wani iyakar ƙi, amma wannan bai ba shi ikon zubad da jininsa ba. Hukunci aikin alƙali ne, a fili, da shaidu. Wanda ya shiga ɗakin wani da wuƙa, sunansa mai kisankai, ko wane ne a cikin ɗakin. Kowace gawa kuwa tana da uwar da ta yi naƙudarta.

Har wa yau, shirun jama'a shi ne garkuwar azzalumi. Yakan zaɓi wanda ya tabbata ba mai bin kadinsa. Idan ya ga an binne an watse, 'yan sanda sun rufe takarda, jaridu sun mai da abin na dariya, gobe sai ya ƙara. Amma idan aka tsaya a dandali aka kira sunan, aka faɗi ranar da garin, hukuma ba ta da damar cewa ba ta sani ba.

Garin da ya saba da barin jinin wanda ake ƙyama ya tafi a banza, ba da daɗewa ba jinin wanda ake so ma zai yi araha a cikinsa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka masu kunna kyandir ɗin nan ba su yi laifi ba, hakkin mamaci suka sauke.