Ɗakin ɗalibi ba akurki ba ne

Jama'a, mu yi maganar "site", wato gidan kwanan ɗaliban jami'a. Jami'ar Yamai ta soma a 1971, tana Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy. Daga can ɗalibai suka taso ranar 9 ga Fabrairun 1990, aka kashe uku a gadar. Jininsu na cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991. Ke nan ɗakunan nan tarihi ne, mu gyara su.

Yau Maraɗi, Damagaram da Tawa kowace na da jami'arta. Ɗalibai sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan. Dole a ƙara gini, amma wane iri? Siririn bulo da rufin kwano, in kuran ya ɗauke a watan Afrilu, wa zai iya karatu ciki?

Mu dubi gidajen Birnin Damagaram: bango mai kauri, soro, zaure, tsakar gida mai inuwa. Kakanninmu sun san zafin ƙasarmu. Abdou Moumouni kansa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin rana ne.

Hukumomi, don Allah a gina wa ƴaƴanmu ɗakuna masu iska, a shuka itatuwa, a ɗora sola bisa rufi. Wanda bai yi barci ba, ina zai gane karatu?